Iya Ruwa Fid Da Kai: Ninƙaya Don Lafiya A Ƙasar Dutsin-Ma Da Kurfi

Sai da na shekara talatin da ɗaya a duniya kafin in shiga ruwan da ya wuce min gwiwa. A Kurfi na tashi, kuma a gidanmu dokar ruwa ɗaya ce, kada wanda ya kuskura. Duk da haka yayyena maza kan sulale da damina su tafi kududdufin bayan gari, su dawo idanu jawur, ƙafafu furu-furu, Inna ta tare su a zaure da tsumagiya. Washegari su koma. Mu mata ko a mafarki abin bai zo mana ba.

Da na fara aikin jinya sai na riƙa ganin ruwan nan ta wata fuskar. Na karɓi yaron da aka shigo da shi a kafaɗa, riga na ɗiga, jiki ya yi sanyi ƙalau, uwarsa na biye ba ko mayafi. Na kuma karɓi wanda mahaifinsa ya kawo saboda zazzaɓi, sai a tsakiyar tambayoyi ya ce, "Yana dai fitsarin jini, amma wannan ai girma ne." Saboda haka ranar da wata abokiyar aikina ta sashen gashin ƙashi ta duba bayana da gwiwoyina bayan haihuwata ta biyu, ta ce maganina ninƙaya, dariya na yi mata. Na ce ni da ruwa sai wanka da alwala.

Ciwon ne ya kore dariyar. Tsayuwar aikin dare, da ƙibar da ta zauna min bayan goyo, sun sa ko ruku'u sai na cije leɓe. Na gwada tafiyar sassafe, gwiwa ta kumbura. Ana haka aka tura ni wani kwas na 'yan watanni a Kaduna, na samu wurin ninƙaya na gini da ke ware wa mata safiyar wasu ranaku, mai koyarwar ma mace. A makon farko ban yi komai ba sai tafiya a cikin ruwa iya ƙirji, ina riƙe da bango kamar mai tatata. A wata na uku na ratsa daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da na dire ƙafa ba, kuma na lura ina tashi daga kan darduma ba dafa ƙasa.

Babu wani sihiri a ciki. Ruwa yana ɗauke wa jiki nauyi. Idan ya kai miki ƙugu, kusan rabin nauyinki ne kawai ke kan ƙafafunki, idan ya kai wuya abin da ya rage bai fi kashi 10 cikin 100 ba. Sannan duk motsin da za ki yi sai kin ture ruwa, don haka hannu da kafaɗa da baya da cinya duk suna aiki, zuciya da huhu na samun nasu rabo, gaɓoɓi kuwa ba su shan dukan da suke sha a guje-guje. Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Ga mai ƙiba, da mai ciwon gwiwa, da dattijon da tsalle ya fi ƙarfinsa, da wuya a samu hanyar cike mintocin nan da ta kai ruwa sauƙi.

Da na dawo gida ina ba da labari, tambayar da kowa ke min ita ce: to mu da Allah Ya ba mu Zobe, me zai kai mu neman ruwan otal?

Zobe ruwa ne na gaske. An kammala madatsar a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, a kan kogin Karaduwa, kudu da garin Dutsin-Ma. Masunta na ci daga gare ta, masu noman rani na ci, kuma a watan Yulin 2021 aka ƙaddamar da aikin ruwan sha da ke ɗiba daga cikinta. Wanda ya tsaya a bakinta da yamma ya ga yadda ta shimfiɗu, dole ransa ya biya. Amma amsata ga mai son fara ninƙaya don motsa jiki ita ce a'a, kada ki fara a can, kada kuma ki fara a ƙaramin dam na cikin gari ko wani kududdufi. Dalilaina biyu ne, kuma na biyun ya fi damuna domin shi ba a ganinsa.

Na farko shi ne yanayin ruwan. Dam ba shi da ƙasa shimfiɗaɗɗiya. Wurin da ya kai miki cinya, taku biyu gaba yana iya shanye dogon namiji, domin akwai tsohuwar hanyar kogi da kwazazzabai a ƙarƙashi. Akwai kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, akwai laka mai riƙe ƙafa, akwai koma da ƙugiyoyin da masunta suka bari. Ruwan ba garau yake ba, wanda ya nutse ba a ganin inda ya yi. Saman ruwa na iya yin ɗumi da rana alhali ƙasansa na da sanyin da zai ɗaure wa mutum tsoka, musamman da hunturu. Kusa da inda ruwa ke malala idan dam ya cika, ko inda ake zuƙarsa, akwai jan da gwani ma ba ya iya masa. Kududdufan da suka samu daga haƙar ƙasar gini ko ta aikin titi sun fi muni, domin bakinsu a tsaye yake kamar rijiya, ga santsi. Yaro zai zame ya faɗa, ya kama baki, bakin ya ɓare a hannunsa. Idan ka ji an ce ruwan wuri kaza sai ya ci mutum duk shekara, je ka dubi bakinsa kafin ka ɗora wa 'yan ruwa laifi. Ban da wannan, duk mun san halin tsaro a yankinmu, kuma fita bayan gari da asuba ko da magariba, lokutan da mai aiki ke samun sararin motsa jiki, ba abin da zan ba wani shawara ba ne.

Na biyu shi ne tsargiya. Wata tsutsa ce ƙarama da ido ba ya gani, wadda ke rayuwa a jikin ƙananan katantanwar ruwa, irin waɗanda ke maƙale a ciyawar bakin dam da tafki da hanyoyin ban-ruwa. Tana fitowa ta yi yawo a ruwan, an fi samunta da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke wanka. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata take shiga. Mutum zai ɗan ji ƙaiƙayi ya manta. A cikin jiki take girma, ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai, ƙwan ne ke yi wa mafitsara rauni har a ga jini a ƙarshen fitsari. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya nemi katantanwa, zagayen ya sake farawa. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu wannan cuta a duniya, kuma a jiharmu ba baƙuwa ba ce: tun a shekarun 1970 aka yi dogon bincike a kanta a yankin Malumfashi, aka ga yara maza masu shiga ruwa ne suka fi ɗauka.

Don Allah iyaye, fitsarin jini ba alamar balaga ba ce. Yaron da ke zubar da jini kullum yana rasa ƙarfi, yana barci a aji, girmansa na tsumburewa. Idan aka bar abin shekaru yana iya toshe hanyar fitsari, ya taɓa ƙoda, a wasu ma ya kai ga kansar mafitsara. Mata kuma nasu ya fi ɓoyuwa. Ƙwan na iya zama a al'aura da bakin mahaifa, ya kawo ƙaiƙayi da fitar ruwa da ciwo lokacin auratayya da ɗigon jini, mace ta yi ta shan maganin sanyi shekara da shekaru ba sauƙi, wani lokaci har haihuwa ta yi wuya. Na sha tambayar mace ko tana wanki ko wanke-wanke a rafi tun tana yarinya, ta kalle ni da mamakin me ya haɗa wannan da ciwonta. Maganin yana nan, sunansa praziquantel, shi ne wanda ake rabawa a makarantu ana auna tsayin yara da sanda. A asibiti ana ba da shi gwargwadon nauyin mutum bayan an gwada fitsari. Yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana wata shiga gobe idan an koma ruwan. Wanda ba shi da ruwan wanka sai na dam, ya ɗebo ya ajiye shi kwana biyu kafin ya yi amfani da shi, tsutsar ba ta wuce haka da rai idan ba ta samu jiki ba. Ruwan da aka sa wa sinadarin kulorin yadda ya kamata ba ya ɗauke da ita, ruwan teku ma haka saboda gishiri.

To ina za a koya? Gaskiya mai ɗaci ita ce, a nan kusa zaɓin kaɗan ne. Mafi yawan wuraren ninƙaya na gini suna manyan otal-otal na birane, kuma daga Dutsin-Ma zuwa Katsina ta Kurfi tafiyar wajen awa guda ce, ga kuɗin mota, ga kuɗin shiga. Abin da ya yi mana aiki shi ne haɗa kai. Mu 'yan mata da matan aure kaɗan muka je muka nemi a ware mana sa'o'i biyu na safiya, ba namiji, mu biya a dunƙule. Mai wurin da ruwansa ke zaune ba kowa da safe ba ya ƙin kuɗi. Ina kuma ganin garin da ke da jami'ar tarayya tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita mai horar da malamai, ya isa a ce yana da wurin koyon ninƙaya na jama'a, mai ranakun maza da na mata. Wannan magana ce da ya kamata iyaye su riƙa tayarwa a duk inda ake jin ta bakinsu.

Kafin ki biya ko sisi, ki tsaya ki dubi ruwan. Idan ba kya ganin ƙasansa daga inda kike tsaye, ki juya. Ki tambaya ina ne marar zurfi, ina ne mai zurfi, kuma wa ke tsaron masu wanka. Idan amsar ita ce mai gadin ƙofa, to ki tabbata a cikinku akwai wadda ta iya ruwa sosai, kuma ta zauna a baki idonta a kanku, waya a jaka. Ba a shiga ruwa mutum ɗaya, ko da kin iya.

Maganar sutura ita ce ke hana yawancinmu, kuma tana da mafita. Dogon wando mai kama jiki, riga mai dogon hannu wadda ba ta shan ruwa, da hular roba, sun rufe ki tsaf. Abin da ba a shiga ruwa da shi shi ne zani da hijabi da doguwar riga. Suna jiƙewa su yi nauyi, su naɗe ƙafa, hijabi kuma ya taso ya rufe fuska. Bayan kin fito ki ɗauraye jiki da kai da ruwa mai kyau ki shafa mai, domin kulorin na busar da fata da gashi, kitso kuma idan ya kwana da laima wari yake.

Fara da kaɗan. Makonni biyun farko tafiya kawai a ruwa iya ƙirji ta ishe ki, minti 15 zuwa 20, kuma wannan kanta motsa jiki ce cikakkiya, akwai waɗanda a nan suka tsaya kuma gwiwarsu ta gode musu. Daga nan ki koyi sa fuska a ruwa kina fitar da iska ta hanci da baki, ki ɗago ki shaƙa. Wannan ne ya fi ba ni wuya, domin duk jikina cewa yake in riƙe numfashi, riƙewar kuma ita ke kawo firgita. Sai kwanciya rigingine a kan ruwa, kunnuwa a ciki, ciki a sama, hannuwa a buɗe. Ranar da na gane cewa idan na saki jiki ruwa zai ɗauke ni, na yi minti biyu ina kallon sama ina jin bugun zuciyata, ranar ce tsoron shekara talatin ya sake ni. Duk wani salon iyo bayan wannan yake zuwa. Ma'aunin ƙoƙari mai sauƙi ne: idan kin tsaya, ki iya magana ko da kina haki. Idan maganar ta gagara, kin wuce gona da iri. Ki sha ruwa kafin da bayan, domin ana gumi a cikin ruwa ba a sani ba.

Akwai waɗanda sai sun ga likita tukuna. Mai ciwon zuciya, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai asma. Mai ciwon suga ta ci wani abu kafin ta shiga, kuma kada ta shiga da gyambo a ƙafa. Wadda aka yi wa aiki ta bari ɗinki ya warke, mai jego ta bari jini ya ɗauke. Mai ciki lafiyayye na iya yi idan an duba ta an yarda. Mai farfaɗiya kuwa ko a baho ba a barinsa shi kaɗai, balle a tafki, kuma duk wanda ke tare da shi ya san da ciwon. Ɓoye shi saboda kunya ya sa an yi asarar rayuka. Idan hadari ya haɗo ana walƙiya, kowa ya fito.

Yanzu bari in koma kan yayyena da tsumagiyar Inna, domin na san duk abin da na faɗa a sama ba zai hana yaron Kurfi ko na ƙauyukan bakin Zobe shiga ruwa da damina ba. Duka bai hana na jiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma a shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don tunawa da wannan matsala. Mu ma ba mu manta da jirgin ruwan da ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a Jihar Kano a ƙarshen Nuwambar 2021 ba, wanda yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. Ƙananan yara kuma ba sai sun je dam ba. Bokiti, da baho, da rijiyar da ba murfi, da ramin tara ruwa na masu gini sun isa. Mai rarrafe kansa ya fi jikinsa nauyi, idan ya leƙa bokiti ya kifa ba ya iya ɗagowa.

A Bangladesh, ƙasar da ruwa ya fi namu yawa nesa ba kusa ba, akwai shirin da ake kira SwimSafe. Ana kafa dandamalin gora a tafkin ƙauye a killace wuri marar zurfi, matasan garin da aka horar su koya wa yara su yi iyo na mita 25, su kuma iya tsayawa a saman ruwa na daƙiƙa 30. Abin ya burge ni domin ba ya bukatar otal. Sai dai su ba su da tsargiya, mu muna da ita, don haka idan za a kwaikwaya a nan dole a haɗa da gwajin fitsari da ba da magani a kai a kai, a kuma sa masunta da sarkin ruwa a gaba, domin su suka san inda ke da rami da inda ba shi. A ra'ayina yaron da ya iya kwanciya a kan ruwa, ana kuma ba shi maganin tsargiya, ya fi wanda aka hana da baki ya je a ɓoye bai iya komai ba.

Abu na gaba ina so kowane gida ya sani. Mai nutsewa ba ya ihu yana ɗaga hannu kamar a fim. Shiru yake yi, a tsaye cikin ruwa, kai a baya, baki na shiga yana fita, hannuwa na dannan ruwa. Yara na iya kewaye da shi suna wasa ba su sani ba. Idan ka gan shi, kada ka faɗa ruwan sai in an horar da kai, domin zai ƙanƙame ka ku tafi tare. Sau nawa muka ji wa ya bi ƙane an fito da gawa biyu? Ka yi kururuwa, ka kwanta a baki ka miƙa masa sanda ko gora ko rawani, ko ka jefa masa abin da ke tasowa. Jarkar lita 25 da ba komai a ciki, murfinta a ɗaure, tana riƙe babban mutum. Masunta da gora suke yi tun kaka da kakanni, wanda ya taɓa kallon bikin Argungu ya gani.

Idan an fito da shi, a bar maganar juya shi ƙafa sama ko danna masa ciki don ruwa ya fita. Ɓata lokaci ne, kuma yana turo amai ya shiga huhu. Iska yake bukata. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗan tura goshi baya a ɗaga haɓa, a duba numfashi na daƙiƙa 10. Idan babu, a toshe hancinsa a hura masa iska a baki sau 5, ana ganin ƙirji na tashi. Sai a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da ƙarfi da sauri, kamar sau biyu a daƙiƙa, a hura sau 2, a ci gaba a haka ana karɓa-karɓa har ya farfaɗo ko a isa hannun ma'aikatan lafiya. Idan yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. Sannan a kai shi asibiti ko da ya tashi yana magana, domin huhun da ruwa ya shiga na iya rikicewa bayan sa'o'i. Karanta wannan bai kai a gwada da hannu ba. Ƙungiyar Red Cross na koyar da taimakon gaggawa, kuma duk ma'aikaciyar jinyar da ke unguwarku za ta iya nuna wa matan Islamiyya cikin yammaci ɗaya idan an gayyace ta.

'Yan'uwanmu da ke zuwa Legas ko Kwatano ko Lome fatauci da ziyara, su kuma teku ce ke jansu. Tekun wannan gaɓa tana da wani ja da ke komawa ciki da ƙarfi ta wata siririyar hanya, sau da yawa a daidai inda ruwan ya fi kama da kwantacce, ba kumfa. Wanda ya iya iyo a dam ya ɗauka ya iya teku, sai ja ya ɗauke shi ya yi ta kokawar dawowa kai tsaye har ƙarfinsa ya ƙare. Abin yi shi ne ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo ta gefe, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar jan sannan ya nufo tudu. Wanda bai iya ba ya tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, ya riƙe hannun yaransa, kada kuma ya juya wa igiyar ruwa baya don ɗaukar hoto.

Ni dai yanzu sau biyu a wata nake samun zuwa, sauran ranaku ina cikewa da tafiya a hankali, wadda gwiwar ta fara yarda da ita tun da nauyi ya ragu. Ɗana mai shekara bakwai ya iya kwanciya rigingine ya ƙirga hamsin. Da muka je Kurfi hutun da ya wuce na sa aka gwada fitsarin 'ya'yan yayyena su biyar, biyu suka fito da tsargiya, aka ba su magani. Inna, wadda har yau ba ta yarda da wannan iyo nawa ba, ita ce ta sa aka yi wa rijiyar tsakar gida murfin ƙarfe da kwaɗo, makullin kuma yana ɗaure a bakin zaninta.